Tambaya da Amsa: Damuwar da ta ƙi ƙarewa, me take yi wa jikin mutum da na dabba?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon wasiƙun da suka taru a gabana kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, wato damuwa da matsin da ke daɗewa a kan mutum, har da masu tambaya a kan dabbobinsu, shi yasa na haɗa su waje guda. Wasu na taƙaita su saboda tsawo, sunaye kuma na cire.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni dai kusan shekara biyu kenan bana cikin kwanciyar hankali, ga matsin wajen aiki ga bashi ga hidimar gida, dare yayi in kwanta bacci ya ƙi zuwa sai lissafi, kaina kullum ciwo, wuyana a sanƙare, abu kaɗan in hau yara da faɗa. Naje asibiti anyi gwaje-gwaje ance ba a ga komai ba sai jinina da ya ɗan hau. Mutanen gida suna cewa raki ne kawai da sa abu a rai. Dan Allah damuwa zata iya sa wa mutum ciwo na gaske, ko ni ce nake ƙirƙira? Daga wata uwar yara.

Amsa: 'Yar'uwa sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ba ƙirƙira kike ba wallahi, duk abin da kika lissafo yana da tushe a cikin jiki kuma an daɗe da sanin yadda yake faruwa.

Idan mutum ya tsorata, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa wasu 'yan ƙananan halittu guda biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki sinadarai cikin jini. Na farko adirenalin, shi cikin daƙiƙoƙi yake aiki, zuciya ta hau bugu da sauri, jini ya hau, numfashi ya ƙaru, tsoka ta ɗaure. Na biyu kortisol, shi yana ɗan jinkiri amma yafi daɗewa, aikinsa ya zuba suga cikin jini domin a samu ƙarfi, sannan ya dakatar da duk wani aikin da ba na gaggawa ba, narkar da abinci, gyaran jiki, sha'anin haihuwa, har da wani ɓangare na garkuwar jiki. Wani masani a jami'ar Harvad ta Amurka, Walter Cannon, shi ya fara bayanin wannan tun wajen 1915, kuma a jikin kyanwa ya fara lura, ya ga da zarar ta fusata ko ta tsorata cikinta sai ya tsaya cak ya daina motsin narkar da abinci. Duk wannan rahama ce in kin duba, domin wanda zaki ya biyo ba narkar da abinci ne a gabansa ba, gudu ne.

Matsalar ita ce an tsara abin ne don minti kaɗan. Barewa in ta tsira daga zaki, ba a jima ba zaki ganta ta koma kiwo. Mu kuwa zakinmu bashi ne da kuɗin haya da shugaban wajen aiki da rigimar gida, basa kama mu kuma basa tafiya, kuma ko basa nan muna iya kiran su da tunani ƙarfe biyun dare, jiki kuma baya bambance zakin gaske da na tunani, sinadaran nan dai zai saki. Ki ɗauka kamar bashi jikin yake ci daga lafiyar gobe don ya tsallake yau, in sau ɗaya ne zai biya ba a sani ba, in kullum ne wata rana masu bin bashin zasu zo, kuma kowa da ƙofar da suke fara ƙwanƙwasa masa, wani hawan jini, wani ciki, wani bacci, wata al'adarta ta rikice.

A 1936 wani likita mai suna Hans Selye a Montiriyal ta Kanada ya nuna haka a jikin ɓeraye. Ko sanyi ya saka su, ko wahalar gudu, ko allurar wani abu mai cutarwa, in abin ya daɗe sakamakon iri ɗaya ne: halittun nan na saman ƙoda sun kumbura, gaɓoɓin garkuwar jiki sun motse, ciki ya yi gyambo. Ɓera dai bai san raki ba, bai san sa abu a rai ba, amma jikinsa ya lalace. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu ce miki raki ne, kuma gaskiya maganar nan tana min ciwo domin ita ke sa mutane su yi shiru da ciwonsu har sai ya kwantar da su.

Kortisol a ƙa'ida da safe yake hawa ya tashe ki, da dare ya sauka ki samu bacci. In damuwa ta daɗe wannan tsarin yana rikicewa, rashin baccin kuma ya ƙara damuwar, abu ya zama zagaye. Ciwon kai da sanƙarewar wuya daga tsokar da ta ƙi saki ne. Saurin fushi kuwa, ƙwaƙwalwar da bata huta ba haƙurinta gajere ne, ba wai kin zama muguwar uwa bane.

Abin da zan roƙe ki, kada ki yi wasa da jinin nan da aka ce ya ɗan hau, ki riƙa aunawa akai-akai, in likita ya ɗora ki a magani ki sha, kada ki ce ai damuwa ce in ta wuce zai sauka. Ki koma ki faɗa wa likitan maganar baccin da damuwar ƙarara kamar yadda kika rubuto min, domin da yawa muna zuwa mu ce kai ke ciwo mu ɓoye sauran. Ki nemi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, kuma dalilin a fili yake, jiki ya shirya gudu, to a bashi abin da ya shirya wa. Lissafin dare kuma ki mayar da shi takarda tun da yamma, ki rubuta bashin nan ɗaya bayan ɗaya da abin da zaki iya yi a kan kowanne, ko da ƙarami ne. Sannan ki guji ƙwayoyin sa bacci na kanti ba tare da likita ba, suna da saurin kama mutum.

Tambaya: Malam ni makiyayi ne, ina da shanu kaɗan da kaji. Tunda na canza musu waje na kuma ɗauki sabon yaro mai kula dasu nono ya ragu sosai, kajin kuma suna ta fige junansu har jini, ƙwai ya ja baya. Abinci bai canza ba. Wani yace min wai damuwa ce, nayi dariya. Dabba tana da damuwa ne?

Amsa: Malam tana da ita ƙwarai, kuma wanda ya faɗa maka ya san abin da yake faɗa. Ruwa baya tsami banza. Tsarin nan da na yi wa 'yar'uwarmu bayani a sama, saniya tana da shi, akuya tana da shi, kifi ma yana da shi, kaza da sauran tsuntsaye nasu sinadarin sunansa kotikosteron, ɗan'uwan kortisol ne aikinsu ɗaya.

Fara da nonon. Saniya bata sakin nono sai wani sinadari mai suna oksitosin ya fito daga ƙwaƙwalwarta ya matse hantsar daga ciki, shi yasa ganin maraƙi ko hannun wanda ta saba dashi yake sa nono ya zubo. Adirenalin kuma yana tare wannan hanyar. To in mai tatsa baƙo ne, ko yana da tsawa da duka, ko yau ya zo da asuba gobe da hantsi, nonon yana nan a hantsa amma ta riƙe, in aka daɗe a haka kuma samar da shi ma sai ya ragu. Shanu suna gane mutane ɗaya-ɗaya kuma suna tuna wanda ya wulaƙanta su. Ka tsaya ka kalli yadda yaron nan yake tafiyar dasu ba tare da ya san kana kallo ba, ka ga shin suna matsowa wajensa ko suna ja da baya.

Kaji kuwa fige juna alama ce da aka sani ta cunkoso, zafi, haske mai yawa, ko rashin abin tono a ƙasa. Kaza an halicce ta ne tana yini tana tono da tsattsaga, in bata samu ƙasa ko ɓuntu ba sai ta koma kan gashin 'yar'uwarta, kuma da zarar jini ya fito sauran zasu taru a kai. Ka ware waɗanda aka ji wa rauni yau ɗin nan, ka rage yawansu a ɗaki, ka ƙara wajen ci da na sha yadda marasa ƙarfi zasu samu, ka buɗe iska. Kazar da ke cikin matsi ko rigakafi aka yi mata baya kama ta yadda ya kamata, to kaga asara biyu kenan. Amma ka kira likitan dabbobi ya duba, domin ƙwarƙwata da tsutsar ciki da ciwon hantsa suma suna kawo irin wannan.

Masu safarar shanu sun san wani abu makamancin haka, maruƙan da aka yi doguwar tafiya dasu a mota cikin cunkoso da ƙishirwa, bayan 'yan kwanaki sai ciwon huhu ya kama su. Ƙwayoyin cutar dama suna nan a hancinsu zaune lafiya, wahalar hanya ce ta karya garkuwar har suka samu sauka huhu. Mahauta ma sun san naman dabbar da ta galabaita kafin yanka yakan yi duhu ya bushe kuma baya daɗewa.

Bari in ƙara maka da na daji domin abin yana bani mamaki har yanzu. Akwai masu bincike da ke auna sinadarin damuwa a kashin manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel, a mashigin ruwan Fandi na Kanada. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 zirga-zirgar jiragen ruwa ta ragu na ɗan lokaci, ƙarar da ke cikin ruwa ta sauka, sai aka ga sinadarin a jikinsu shima ya sauka. Wato duk tsawon lokacin nan hayaniyar jirage tana cin su ba wanda ya sani. A arewacin Kanada kuma an ga zomayen daji a shekarun da dabbobin da ke farautarsu suka yi yawa, ko waɗanda ba a kama ba haihuwarsu tana raguwa saboda zaman zullumi. A Ostireliya akwai wata 'yar dabba mai kama da ɓera, antekinas, mazan gaba ɗaya suke mutuwa bayan lokacin barbara na makonni biyu zuwa uku, sinadarin damuwa ya cika musu jini har garkuwar jiki ta rushe ciki ya yi ta zubar jini. Har karnuka, wani bincike a Suwidin a 2019 ya auna kortisol a gashin karnuka da na masu su, aka ga na karen yana bin na mai shi. To ka ga ba abin dariya bane.

Tambaya: Gaskiya ne damuwa ce ke kawo olsa?

Amsa: Da haka likitoci ma suka ɗauka, har zuwa 1982 da wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar Helikobakta a cikin ciki, aka basu kyautar Nobel a 2005. Mafi yawan gyambon ciki daga ita ne ko daga yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Damuwa tana iya tsananta shi ta hana shi warkewa da wuri, amma in kana da alamun, kaje a gwada ka, ƙwayar tana da magani.

Tambaya: Malam shekara huɗu ina jinyar mahaifiyata mai ciwon mantuwa, ni kaɗai, bana iya barinta ko na awa ɗaya. Yanzu ni ce kullum cikin mura, ƙaramin rauni sai ya daɗe bai warke ba. Ina jin kunyar in ce na gaji saboda uwata ce.

Amsa: Allah ya saka miki da alheri 'yar'uwa, ya ba Mama sauƙi. Gajiyarki bata rage komai daga ladanki ko ƙaunarki ba, jiki ne, kuma abin da kika lura dashi an auna shi a kan mutane irinki. A 1995 masu bincike a jami'ar jihar Ohayo ta Amurka sun yi wa mata masu jinyar 'yan'uwansu masu ciwon mantuwa ɗan ƙaramin rauni a hannu, suka yi wa wasu matan sa'o'insu da basa jinya irinsa, na masu jinyar sai da ya ƙara kusan kwana 9 kafin ya warke. Kafin nan a 1991 an ɗiga wa mutum 394 masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci a Ingila, da yardarsu, aka killace su ana kallo, waɗanda suka fi fama da damuwa su suka fi kamuwa. Kin ga murarki da rauninki ba daga sama suka faɗo ba.

Maganar da zan faɗa miki mai nauyi ce amma dole, jinya irin wannan ba aikin mutum ɗaya bane. Ki tara 'yan'uwa ki faɗa musu a fili, kuma kada ki ce "ku taimaka" kawai domin kowa zai ce to ya tafi, ki ce wane ranar kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza, wanda baya kusa ya ɗauki nauyin mai taya ki. Hutun da kika san yana zuwa ranar kaza, tun kafin ya zo yake fara yi miki aiki. Ke ma kije a duba jininki da suganki, raunin da baya warkewa yana iya zama alamar ciwon suga, kada mu ɗora wa damuwa komai. In kuma kin kai inda ba abin da ke miki daɗi, kuka ba dalili, ko tunanin gara ki mutu, wannan ciwo ne mai magani, ki ga likita cikin gaggawa kada ki jira.

Tambaya: Muna gardama da abokina, yace manyan ma'aikata sun fi shiga damuwa saboda nauyi a kansu yake, ni nace mu ƙanana ne. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa a mafi yawan lokuta kai ne. A 1967 an fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnatin Birtaniya maza kusan 18,000 a Landan, binciken da ake kira Whitehall. Bayan shekara goma aka ga na matakin ƙasa, masinjoji da masu gadin ƙofa, yawan mutuwarsu ya kai kusan ninki uku na manyan jami'ai, kuma abin mataki-mataki ne, kowane mataki ya fi na samansa ciwo. Shan taba da ƙiba da hawan jini sun bayyana wani kaso ne kawai. Zagaye na biyu da wani masani Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 ya nuna cewa rashin iko a kan aikinka, wato a ɗora maka kaya amma baka da ta cewa a kan yaushe ko ta yaya, yana tafe da ciwon zuciya.

Wannan batun iko shine zuciyar maganar gaba ɗaya a ganina. Wani masani Jay Weiss ya gwada da ɓeraye biyu da ake ba wahala iri ɗaya daidai wa daida a lokaci ɗaya, ɗaya yana da abin da zai juya ya tsayar da ita, ɗayan bashi da shi. Wanda bashi da iko shi ya fi yin gyambon ciki. In kuma ana buga ƙararrawa kafin wahalar ta zo, lahanin yana raguwa, saboda ɓeran ya san lokacin da zai saki jiki. Wani masanin kuma, Robert Sapolsky, da ya shafe shekaru tun ƙarshen shekarun 1970 yana bin garken manyan biran nan bika a Kenya yana ɗibar jininsu, ya ga mazan da ke ƙasa, waɗanda kowa ke huce haushinsa a kansu ba sanarwa, su suka fi yawan sinadarin damuwa, kuma wanda yake da abokan da suke zama tare suna yi wa juna susa nasa yana sauka. Sai dai ka ba abokinka ɗan haƙƙinsa, wani bincike a dajin Amboseli na Kenya a 2011 ya samu cewa shugaban garken kansa, mai kare kujera kullum da faɗa, nasa ma a sama yake.

Tsawon awannin aiki kuwa baya tambayar muƙami. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 ne suka mutu da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Shi yasa bana jin daɗin yadda ake ce wa ma'aikaci ya koyi jan numfashi a hankali a bar maganar a nan. Jan numfashin yana da amfani, amma mai ɗaukar ma'aikata shima yana da nasa, ya sanar da jadawali da wuri, ya biya albashi ranar da ya ce, ya bar mutum ya tsara wani ɓangare na aikinsa da kansa.

Tambaya: Baƙin ciki yana iya kashe mutum farat ɗaya? Kakata ta kwanta asibiti kwana biyu bayan rasuwar kakanmu, aka ce zuciya ce.

Amsa: Allah ya jiƙan kakanku, ita kuma ya bata lafiya. Eh yana faruwa. Likitocin Japan sun bayyana wani ciwo a 1990 da suka kira takotsubo, inda tashin hankali mai tsanani kamar rasuwa yake sa adirenalin ya yi wa zuciya yawa har wani ɓangarenta ya kasa matsawa, alamunsa sak na bugun zuciya, ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi, alhali jijiyoyin ba a toshe suke ba. Ya fi kama mata da suka manyanta, kuma yawanci zuciyar tana dawowa daidai cikin makonni in an samu kulawa. Bugun zuciya na gaske ma haɗarinsa yana ƙaruwa a kwanakin farko bayan babban rashi, likitocinta ne zasu tantance wanne ne. Ku tabbata tana shan magungunanta a kan lokaci domin masu makoki suna yawan mantawa, tana ci tana sha, kuma kada a barta ita kaɗai bayan mutane sun watse. In ta ce ƙirjinta na ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, a wuce asibiti nan take, kada a tsaya cewa ai baƙin ciki ne.